Wasiƙa daga Los Angeles: gaskiyar magana kan sharuɗɗan Oscar

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya aiki, ya iyali? Ina fata kowa na cikin ƙoshin lafiya.

Wasunku sun yi ta tambayata a waya, wai gaskiya ne yanzu fim ba zai ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, ba sai an saka baƙar fata a ciki? Maganar ba haka take ba. A 2015 da 2016, shekara biyu a jere, duk 'yan wasa ashirin da suka shiga takarar jarumai fararen fata ne. Ƙorafi ya yi yawa, har a watan Satumba na 2020 hukumar da ke ba da kyautar ta fito da sharuɗɗa huɗu na shigar da waɗanda aka saba bari a baya, kamar mata da waɗanda ba fararen fata ba, suka fara aiki a bikin 2024. Kyautar fim mafi kyau kaɗai suka shafa, kuma biyu daga cikin huɗun ake so a cika. Na farko kan 'yan wasa ne da labarin, na biyu kan shugabanni da ma'aikatan bayan kyamara, na uku kan koyar da sana'a da biyan masu koyo, na huɗu kan masu talla da rarraba fim. Shekarar da aka fara, Oppenheimer ne ya lashe, alhali manyan jarumansa duk Turawa ne.

Masu adawa suna da hujjarsu. Tsohon jarumi Richard Dreyfuss ya fito a 2023 ya ce sharuɗɗan amai suke sa shi, don a ganinsa ba a gindaya wa mai fasaha doka. Ni ma ba na son a tsara wa marubuci wanda zai saka a labarinsa.

Amma ni sharaɗi na uku ne ya fi muhimmanci a gare ni, shi ne kuma ba a cika ambata ba. Aikin fitilu nake yi a wurin ɗaukar fim. A nan, wa ka sani ne ke kawo aiki: shugaban masu haske ya ɗaga waya ya kira ɗan abokinsa, shi ke nan an cike gurbi. Shekara biyu ina tuƙa mota ina aika takardu, ko amsa babu. Wani gurbin koyo da ake biyan albashi ne ya shigar da ni, daga nan kuma aikina ne ya riƙe ni.

Yanzu iska ta juya. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin rushe shirye-shiryen daidaita dama tsakanin jinsuna a gwamnatin tarayya. Kamfanoni da dama suka bi sahu.

Mu 'yan Najeriya wannan gardama ba baƙuwarmu ba ce. Tun kundin tsarin mulkin 1979 muke da tsarin raba guraben aiki tsakanin jihohi, mun kuma ga yadda gurbin jiha ke faɗawa hannun ɗan mai hanya, ɗan talaka na kallo. Shi ya sa ƙidayar fuskoki ba ta burge ni kamar horarwa.

Kamfanin da ya koya mini ya rage guraben koyo a bana. Akwai wata yarinya 'yar Sudan da nake nuna wa haɗa wayoyi, ita ce ta gaba a layi, har yanzu muna jiran amsa. Ku saka ta a addu'a.

A gaida kowa da kowa. Ku huta lafiya.