Kwana 12 ke nan ban ɗauko gawar ɗan tsako ba

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwo. Yau kwana 12 ke nan cur ina buɗe ɗakin 'yan tsakina da asuba ban ɗauko ko gawa ɗaya ba, wallahi daɗin da nake ji sai wanda ya taɓa kwasar matattu da hannunshi zai gane.

'Yan tsakin kaji irin Noila 50 na sayo 'yan kwana ɗaya, farkon Disamba, hunturu ya riga ya sauka nan Birnin Kebbi. Na shimfiɗa buntun shinkafa da na kwaso wurin inji, na aza tsohuwar jarida bisa, sitata (abincin farko na 'yan tsaki) da ruwan gulukos duk na shirya, kaskon gawayi a tsakiya tunda nepa ba abin dogaro ba ce. Da rana lafiya lau suke, suna ci suna guje-guje. Gari na wayewa sai in iske ɗaya ko biyu, wata rana uku sun mutu. Cikin kwana 8 na rasa 13, kuma kowane ɗaya da kuɗi na saye shi, ga buhun abinci da ya yi tsada kamar me.

Nan take zuciyata ta ce ciwo ne. Na je wurin mai maganin kaji na faɗa mishi, bai ko tambaye ni yadda suke kwana ba ya haɗo min kala uku, Naira 9,500, kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Na zuba musu a ruwa kwana uku, washegari kuma gawa biyu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba alamar cuta ko ɗaya. Cutar kaji ta Nukasul ai an san ta, koren zawo, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, kaza ta yi ta gyangyaɗi ba ta ci. Nawa babu ko ɗaya a ciki, wanda ya mutu da dare jiya da la'asar shi ne ya fi kowa rawar kai a bakin abinci.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa, ta fi shekara 30 tana kiwon kajin gida, ita ta leƙo ta iske ni tsaye da matacce a hannu. Ta karɓa ta juya shi, ta ce "ɗana, a ina kake iske su?" Na ce "Inna, kullum a lungun can na gabas." Ta ce "to dubi yadda ya baje kamar an taka shi, wanga ba ciwo ya kashe shi ba, 'yan uwanshi sunka danne shi."

Daren nan ban yi barci ba, na ɗauki tocila na zauna bakin ƙofa da bargo. Har ƙarfe 12 komai daidai, sun baje kewaye da kasko suna barci. Wajen ƙarfe 3 gawayin ya zama toka, iskar nan ta hunturu tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai na ji sun fara kuka mai ƙarfi ciyau ciyau, sunka tashi gaba ɗaya sunka nufi lungu, wani bisa wani, na baya na turawa na gaba ba wurin gudu saboda bango. Na sa hannu na tona tarin, na ƙasa har ya fara sanƙarewa, bakinshi buɗe. Na sa shi cikin rigata sai da ya farfaɗo. Ashe abin da ke faruwa ke nan kowane dare ni ina can ina minshari.

Kuskure na biyu na kusa yi washegari, don na ce bari in toshe ko'ina da leda, taga da ƙofa duka, in ƙara gawayi. Allah ya sa na shiga bayan awa ɗaya na ji kaina na sarawa idona na yaji. Gawayi a rufaffen ɗaki mutum ma yana kashewa balle ɗan tsako, don Allah kar wanda ya gwada. Yanzu ƙasan ƙofa kawai na toshe da buhu, saman taga na bar kamar faɗin tafin hannu a buɗe, kuma gawayin a waje nake hura shi sai ya yi ja hayaƙi ya ƙare kafin in shigar.

Abin da ya gyara lamarin shi ne kwali. Na samo manyan kwalaye na yanka, tsayi zuwa gwiwata, na ɗinke su da waya na yi da'ira kewaye da kaskon, babu lungu ke nan balle su taru ciki. Kaskon na aza shi bisa bulo na kewaye da raga. Sai ƙararrawar waya ƙarfe 2 da rabi, in tashi in canza gawayi, matata har ta saba ita ke tada ni in na makara. An ce satin farko zafin ya kai kamar digiri 33 a riƙa rage kamar 3 duk sati, ni ba ni da ma'auni, su nake kallo. In sun dunƙule jikin kasko sanyi ne, in sun gudu jikin kwali baki buɗe fukafukai a sake zafi ya yi yawa, in sun baje ko'ina sai in koma in kwanta. Da sunka ƙara girma na ƙara kwali biyu na faɗaɗa da'irar.

37 ɗin da sunka rage yanzu gashin fukafukai ya fito sosai, suna tsalle suna neman haye kwalin. Buntun kusa da mazubin ruwa yana jiƙewa, shi ma na fara kwashewa duk safiya don warin na hawa ido. Jibi za su sha rigakafin cutar gumboro na biyu, cikin kula da ƙanƙara zan ɗauko shi, in janye musu ruwa awa biyu tukuna, kuma ruwan rijiya zan sa don na famfo akwai kulorin yana kashe rigakafin. Wanda ke da dabarar da gawayi zai kai asuba ba tare da an tashi ba ya taimaka min, na gwada rufe shi da toka ya ɗan ƙara daɗewa amma bai wuce ƙarfe 4 ba.