Figar zabon daji a Madarunfa

Da sanyin safiya na bar Damagaram, cikin hunturun da ya wuce, muka bi ta Takeita, Tasawa, Gazawa da Agye, muka shiga Maraɗi ana kiran azahar. Zumunci ya kai ni, don na shekara biyu ban ga Kawu ba. Kwana ɗaya kawai na yi a gidansa ya ce in shirya, gobe za mu Madarunfa wajen wani amininsa tsohon maharbi da ya aiko masa cewa zabi sun yi ƙiba.

Tafiyar ba ta da nisa, kilomita 20 da 'yan kai ce kudu da Maraɗi. A kan babur muka je, ƙura na dukan fuska, hagu da dama duk karan gero da aka riga aka girbe. Mun tsaya bakin tabki na ɗan lokaci, masunta na gyaran komarsu, Kawu ya nuna mini wajen da ake ziyarar kaburburan waliyyai 99 da garin ya yi suna da su. Daga nan muka ratse zuwa ƙauyen maharbin, wanda muke kira Baba, a kan hanyar dajin Baban Rafi.

Mun tarar ya riga ya dawo. Zabi uku, fakara biyu da hasbiya ɗaya suna kan tabarma, dukkansu an yanka. Ya ce tun wurin harbi yake yin bisimilla, kuma duk wadda ya iske da sauran rai, nan take yake sa mata wuƙa. Ni kuwa da rawar kai irin ta ɗan birni, wanda ya saba da kajin gidan gona, na ce wa wani yaro ya ɗora ruwan zafi. Baba ya dube ni ya yi murmushi.

"Ɗana, mi za ka yi da ruwa?"

Na ce, "Figa mana, Baba."

Ya ce, "Wanga ba kazar birni ba ce. Zamna ka gani."

A bushe yake fige su, tun jikinsu da ɗumi, don in tsuntsu ya huce gashin yana kamewa. Yakan fara da manyan gashin fiffike da na wutsiya, ya fizge su ɗaya-ɗaya, sannan ya koma ƙirji, inda ya rage ƙarfi ƙwarai, yana tsinka kaɗan-kaɗan, babban yatsansa danne da fata. Fatar fakara siririya ce, musamman kusa da inda harbi ya shiga, in ka yi gaggawa sai ta yage ta bar tsoka a fili, wuta kuma ta busar da ita. Dalilinsa na ƙin ruwan zafi biyu ne. Ruwan yana sa fata ta yi laushi ta ƙi gasuwa da kyau, kuma tsoma tsuntsun da harbi ya huda cikinsa a ruwa, alhali hanji na ciki, shigar da ƙazanta ne cikin nama. Na biyun ya fi kama ni, don ban taɓa tunaninsa ba.

Da aka gama figa, sai babbaka. Karan gero ya kunna, ba itace ba, don harshen wutarsa na tashi da sauri ya lashe ƙananan gashin ya mutu, bai kai ga dafa fata ba. Ƙaurin nan har yanzu in na ji irinsa sai ƙauyen ya faɗo mini a rai.

Wajen fiɗa ne na sha kunya. Baba ya fara tsaga fatar wuya ya zaro jakar da tsuntsu ke tara abinci, ya buɗe ta a tafin hannu ya nuna mini: ƙwayoyin gero, 'ya'yan ciyawa da gara. Ya ce da wannan maharbi ke sanin inda garken ke kiwo. Sannan ya yi ƙaramar tsaga ƙasan ƙashin ƙirji, ya sa yatsu biyu ya jawo kayan ciki gaba ɗaya. Ya miƙo mini wuƙa da zabo na biyu. Komai ya tafi daidai har na zo raba hanta da matsarmama, wannan 'yar koriyar jakar da ke manne da ita. Na matsa ta, ta fashe, koren ruwa ya wanke hantar. Kawu ya yi dariya har da tari. Baba bai ce uffan ba, ya ɗauki hantar ya jefa wa karensa, karen ma ya shinshina ya kau da kai. Yadda ake yi, in ji shi, ka yanko ta tare da ɗan guntun hanta, gara ka yi asarar kaɗan.

Ƙundu ya tsaga ta gefe, ya zubar da tsakuwar ciki, ya ɓare rawayar fatar nan mai kauri. Sai abin da ya fi ɗaukar lokaci, wato neman ƙwayoyin dalma. Duk inda ya ga baƙin tabo a tsoka, sai ya bi ramin da tsinin wuƙa, ya fito da ƙwayar tare da ɗan gashin da ta tura ciki, ya yanke wurin da jini ya daskare. Daga zabo ɗaya na ƙirga biyar a cikin murfin kwano. Sai bayan duk wannan ruwa ya taɓa naman, shi ma mai sanyi, da gishiri da lemun tsami.

Inna, uwargidan Baba, ita ta raba su. Tana danna ƙarshen ƙashin ƙirji da yatsa: wanda ya lanƙwasa yaro ne, na gashi, wanda ya ƙi kuwa tsoho ne, sai tukunya. Naman zabon daji baƙi-baƙi ne, ba kitse, ga tauri, shi ya sa tsofaffin suka shafe wajen awa biyu a wuta da albasa, citta, masoro, kanumfari da daddawa. Fakarun da hasbiyar aka buɗe su ta baya, aka shafe da man gyaɗa da yajin ƙuli, aka ɗora nesa da garwashi. A ganina fakara ta fi zabo daɗi nesa ba kusa ba, ko da yake Kawu ya ce bakina ne bai girma ba.

Muna ci na tambayi Baba ko da damina ma yana fita. Ya girgiza kai, ya ce lokacin zabi na kan ƙwai, wanda ya harbe uwa ya harbe garken baɗi. Ya ƙara da cewa dajin ma ba kamar da ba, gonaki sun ci shi, inda yake samun zabi bayan gari yana saurayi, yanzu sai ya yi tafiyar rabin dare.

Zabo na uku Inna ta ƙyafe shi a kan hayaƙi, ta naɗe a takardar siminti ta ce in kai wa mahaifiyata. Ina tauna lomar ƙarshe ta farfesu na ji ƙas a haƙorina. Na fito da ita, 'yar ƙwayar dalma ce. Baba ya karɓa ya juya ta a hannu, ya dubi tukunyar, ya ce, "Wanda ka gyara ne."