Vespar Baba ta fito daga sito

Da na ajiye aikin koyarwa, kowa da shawarar da ya kawo mini. Wani ya ce kiwon kaji, wani ya ce shagon kayan masarufi. Ni kuwa hankalina yana kan sito na ƙarshen gidanmu a Zariya, inda Vespar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, take jingine ƙarƙashin tsofaffin buhuna tun da ƙafa ta hana shi hawa.

Ƙirar Sprint 150 ce. Ya saye ta a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi da ariyas da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata. A wannan shekara akawu da malamin makaranta kowa ya yi abin hawa, masu son gudu suka ɗauki Honda, masu babbar riga suka zaɓi Vespa, don ba sai ka ɗaga ƙafa ka haye ta ba, kuma garkuwar gaba tana tare maka ƙura da taɓo.

Da muka fito da ita, tayoyin sun tsattsage, ɓera ya cinye soson kujera, tsohon man da ke tanki ya daskare ya koma kamar ƙaro. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya ba ni wuya shi ne samun mai gyara. Yaran gareji na yanzu, ka kawo musu Boxer ko Jincheng, ido rufe za su kwance su ɗaure. Amma da suka ga giya a hannun hagu, ana murɗa ta tare da kulochi, sai suka tsaya kallo. Ɗayansu ma ya tambaye ni inda ake zuba baƙin mai. Na ce masa wannan injin a cikin fetur ake gauraya masa, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Ka manta da shi, fistin ya kama.

A Panteka ta Kaduna aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi zamani da su. Bai ko taɓa makulli ba, ya cusa hannu ya juya fankar injin, ya saurara.

"Malam, ba ta mutu ba. Roba ce ta bushe."

"Wace roba, Baba?"

"Ta bakin kiranshaf. In ta bushe iska take sha, ko ka wanke kafireta sau ɗari ba za ta tsaya a silo ba."

Haka kuwa aka samu. Sai da aka raba injin biyu kafin a kai ga wannan 'yar robar. Ina zaune kan benci, yana jiƙa sassa a kwanon kananzir yana gogewa da tsohon burushin haƙori, yana jera su kan kwali bisa tsarin da ya ciro su. Kwantak ɗin wuta ma bai yarda a canza ba, ya goge bakinsa da takardar yashi ya daidaita tazarar.

Kayan gyara na asali na Piaggio, kamfanin Italiya mai ƙera Vespa, sun yi wuya, sai na Indiya. Dalili kuwa, kamfanin Bajaj, mai yin Boxer ɗin nan, ya daɗe yana ƙera Vespa da izinin Italiyawa, kuma babur ɗinsa mai suna Chetak daga jikin Sprint aka kwaikwayo shi, shi ya sa sassa da yawa suke shiga. Ingancin dai sai a hankali, wayar kulochin da na saya da fari tun a gareji ta fara warwarewa.

Inda muka saɓa da 'ya'yana shi ne fenti. Suna so a feshe ta ja tana walƙiya saboda hoto. Na ƙi. Akwai lotsawa a murfin gefen hagu daga ranar da mahaifinmu ya kauce wa jaki a hanyar Giwa, kuma ita ma tana nan yadda take. Tsatsar ƙasan wurin ajiye ƙafa kaɗai na sa aka yanke aka yi walda, don nan ne ƙashin bayanta.

Yanzu tana tashi a bugu na biyu, tana shuɗin hayaƙi, Hajiya tana mita wai ya shiga shanya. Saura birkin baya da takardu, don lambar da ke jikinta ta tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya ce, wadda ta koma Jihar Kaduna.