Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Wa Ya Faɗa Miki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Ku yi haƙuri da jina shiru ranar Juma'a, wayar ce ta faɗa bokitin wanki, sai jiya aka karɓo min ita daga wajen gyara a Sabon Gari. Masu aiko saƙo suna cewa ko na gudu ne, ina zan je, ina nan daram.

Wancan makon na tsaya ne inda na karɓi takardar gama ajin manya, ina da shekara 44 da jika biyu, na iya karanta saƙon wayata da kaina, na iya rubuta masu bashin atamfa a littafi ba sai na kira yaro ba. Ni a tunanina shike nan an rufe babi. To ashe da sauran rina a kaba.

Wata da muka yi ajin tare ita ta zo har gida ta ce min akwai wani malami da ya yi ritaya daga jami'a a Samaru, ya buɗe aji na manya a nan Tudun Wadar Zariya, Asabar da Lahadi bayan la'asar, a ɗakin wata firamare da aka ara masa. Ba a koyar da sana'a, ba a ba da takardar neman aiki, tarihi ne kawai ranar Asabar, Lahadi kuma wai falsafa da adabi. Na ce mata falsafa kuma wace aba ce, ta ce ita ma ba ta sani ba amma dai mu je. Da na nemi izini wajen maigida dariya ya yi har da tari, ya ce tarihin za a dafa a ci? Da ma kwamfuta ce ko ɗinki. Ya ce je ki, in kin gaji kya dawo. Har yau yana jiran in gaji.

Ranar farko mu goma sha bakwai ne, mata uku. Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da 'yan acaba biyu da suke ajiye baburansu a gindin dalbejiya, da tela, da wani Alhaji Bakano mai sayar da taya wanda daga ranar ya zama abokin faɗana, kun dai san Kanawa da Zagezagi. Bencin yara muka zauna, gwiwata na dukan tebur, zanina ya kwashi ƙurar alli. Malam ya shigo, ɗan siriri, hularsa ta sha jiki, bai ce komai ba bayan sallama sai ya juya ya rubuta a allo: Wa ya faɗa maka? Sannan ya ce wa zai ba mu labarin Sarauniya Amina.

Ai kuwa caraf na ɗaga hannu. Ni Bazazzagiya haihuwar cikin birni, a ce Amina kuma in yi shiru Bakano na kallo? Na miƙe na zuba, jaruma ce, ta ci garuruwa, duk inda ta sauka sai ta gina ganuwa, ba ta taɓa aure ba, kuma duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ya kwana da ita gari na wayewa a kashe shi. Na zauna ina jin kaina. Malam ya ce madalla Hajiya, wa ya faɗa miki? Na ce kowa ai ya sani. Ya ce shi wannan Kowa ɗan wace unguwa ne, muna so mu je mu tambaye shi. Ajin ya tuntsure da dariya, Alhaji mai taya har da buga tebur. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, na ƙudura a raina ba zan sake zuwa ba, da girmana da jikokina a mai da ni abin dariya.

Abin da ya hana ni tashi a lokacin shi ne yadda ya ci gaba da bayani. Ya ce ba wai Amina ƙarya ba ce, akwai ta a rubuce, amma rubuce-rubucen ma ba su daidaita ba. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu kuma suka ce a'a, 'yar Bakwa Turunku ce, shi ke nan ta faɗo ƙarni na 16, ka ga tazarar ta haura shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a rubutunsa, amma shi ya zo ne ɗaruruwan shekaru bayanta, shi ma ji ya yi. Ya ce to zancen kashe maza da asuba fa, ki je ki binciko wa ya fara faɗa, kuma me zai samu in aka yarda. Nan na yi tsit, don ni dai a bakin wata 'yar ajinmu na allo na fara ji, muna yara, a zauren malam.

Na dawo gida ina tuƙa tuwo ina ta juya maganar. Har miyar ta so ta kama.

Washegari Lahadi na ce bari in je sau ɗaya tak in ga mece ce falsafar, daga nan in sallame su. Ranar aka yi rigima. Malam na fara ambato su Sakaratu da Aflatun da Aristo, mutanen Girka, Alhaji mai taya ya miƙe ya ce shi fa ba zai zauna a koya masa kafirci da tsufansa ba, ya ji wa'azi an ce falsafa hanyar ɓata ce kuma Imamu Gazali ya rushe ta. Malam bai ɗaga murya ba, ya ce gaskiya ne Gazali ya yi littafi guda yana sukar masu falsafa, amma sai da ya zauna ya karance su tsaf tukuna, sannan wanda ya mayar masa da martani, Ibn Rushdi, alƙali ne a Ƙurɗuba ta Andalus kuma ɗan mazhabar Malikiyya irin tamu. Ya ce Alhaji in aka kawo maka taya aka ce sabuwa ce dal, kana karɓa haka nan? Alhaji ya ce haba, sai na duba lamba na latsa gefe. Malam ya ce to ka riga ka shiga ajin, zauna. Ya zauna yana ƙunƙuni, kuma ko fashin rana ɗaya bai yi ba bayan nan, shi ke ma zuwa da ruwan leda ya raba mana.

Ni wanda ya fi shiga raina shi ne Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332 da ya rasu a Alƙahira a 1406. Malam ya ce mutumin nan ya yi ƙorafin masu tarihi na kwasar labari kamar yadda aka ba su, ba sa auna shi da hankali su ga ko zai yiwu, ga son rai, ga neman shiga wajen masu mulki. Na ce a raina wannan ai ya san matan unguwarmu.

Ban daina zuwa ba dai, ga gajeren zance. Watanni suka yi ta tafiya, muka yi jihadin Shehu Usmanu, muka yi zuwan Turawa, aka kai mu masallacin Juma'a na birni Malam ya nuna mana aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da tun ina yarinya nake wucewa ta gabansa ban taɓa tambayar wa ya yi shi ba. Sai wata Asabar ya ba mu aikin gida. Ya ce kowa ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a danginsa ya tambayi asalin gidansu, ya rubuta yadda aka faɗa ba gyara, kuma kada a manta da tambayar allo.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mu a gidanmu tun muna yara abin da ake faɗa mana shi ne kakanninmu tare da Malam Musa suka shigo Zariya, lokacin da ya zo da tutar Shehu. Baffa in ya fara wannan labari ranar sallah sai abinci ya huce. To amma Baffa ba shi ne babba ba, akwai Goggo, yayar mahaifina, ta doshi casa'in, ido ya tafi amma kunne da baki lafiya lau. Na sayi goro fari da 'yar ledar sukari na hau Keke zuwa birni, ta Ƙofar Doka.

Na same ta a kan buzu a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce wa nake ji kamar 'yar boko. Na ce Goggo aiki aka ba mu, asalin gidan nan nake so ki ba ni. Na ma riga na rubuta Malam Musa a saman shafi don kada in ɓata lokaci. Ta ɓare goron da farce, ta daɗe tana tauna, sannan ta ce wanne kike so, na zaure ko na cikin gida?

Na ce au, biyu ne?

Ta ce na zaure shi ne na Baffanki, ki je ya ba ki. Na cikin gida kuwa, mu tuta ta same mu ne a garin nan, marina ne kakanninku, hannunsu baƙi ƙirin da shuni. Da masu tuta suka kori Makau, Sarkin Zazzau na lokacin, ya yi kudu da jama'arsa, 'yan'uwa biyu ne maza a gidan, babban ya bi sarki, ƙaramin ya tsaya don matarsa na kan gwiwa, ba ta iya tafiya. Mu jikokin wanda ya tsaya ne. Ta ce har tana budurwa mutanen Abuja na zuwa gidan nan da doya da manja su kwana biyu su koma, ana ce musu baƙin Baba. Na ce Abuja Goggo? Ta ce ba ta gwamnati ba, ta asali. Sai na tuna Malam ya gaya mana ƙanen Makau, Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja bayan an ba sabon babban birni sunan, kuma har gobe sarkinsu Sarkin Zazzau ake ce masa. Tsigar jikina ta tashi, biro na rawa a hannuna.

Na daure na ce Goggo, wa ya faɗa miki?

Maficin hannunta ta wurgo min, bai same ni ba ya bugi kwanon sha. Ta ce ke 'yar nan ni za ki ƙaryata? Na ce wallahi a'a, haka aka ce mu tambaya. Ta yi shiru, can ta ce kakarta ce, wadda ta yaye ta, ita kuma a bakin uwar mijinta ta ji, suna kaɗi da dare. Ta ce maza ba sa son zancen, tun da sarauta ta koma hannun Fulani kowa ya nemi jingina da tuta, su kuwa mata ba wanda ya tambaye su balle su canza. Na rubuta wannan ma, yadda ta faɗa.

Sai ta ce in jawo mata adakar da ke ƙarƙashin gado. Na jawo da ƙyar, ƙura da warin kafur. Ta lalubo wani ƙullin tsumma ta ce kwance. A ciki akwai takardar shaidar Yaƙi da Jahilci ta kakana, ta yi ja ta kakkarye a wajen ninki, da yankin wata tsohuwar jarida Bazazzaga. Goggo ta ce ita ce ke kai masa fitila ajin dare tana yarinya, ta tsaya a bakin taga tana jin manya masu gemu suna ba be bi bo bu, in ta yi dariya a kore ta. Ta ce ita ma ta so shiga, aka ce ba na mata ba ne. Na riƙe takardar nan ina kallon sunansa, mutumin da ban taɓa gani ba, ashe shi ma da furfurarsa ya zauna a benci.

A ƙasan su kuma akwai wata 'yar takarda da rubutun ajami, tawadar ta koɗe. Goggo ta ce wasiƙa ce daga mutanen Abuja, ita ce ta ƙarshe da suka aiko. Na gwada, bismilla kawai na iya fitarwa da wata kalma kamar gaisuwa. Na roƙe ta ta bar ni in kai wa Malam, ta ce ko zaure ba za ta fita ba, sai dai na ɗauka a waya. Na ɗauka har sau huɗu don hannuna ya ƙi tsayawa.

Abin da ban lura da shi ba, matar Baffa na bakin murhu tun ɗazu, wai tana tsince shinkafa.

Na isa gida ana kiran magariba, ko mayafi ban cire ba waya ta yi ƙara, Baffa. Mutumin da in ba rasuwa aka yi ba ba ya kirana. Na ɗauka na fara gaisuwa ya katse ni, ya ce gobe da safe ki zo gida ina nemanki, kuma ki taho da littafin nan da kika yi rubutu a ciki. Ƙit ya kashe. Maigida da ke alwala a tsakar gida ya ɗago ya dube ni ya ce lafiya? Na ce tarihin ne ya fara dahuwa.

Yadda muka kwashe da Baffa a zaure, da abin da Malam ya karanto a wasiƙar, sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, in wayar ba ta sake yin wanka ba.