Yadda na haɗa samina kan maiyalin a tsakiyar yankan riɗi

Ana gab da hutu aka ba ni taken samina, in yi bayanin yadda furotin masu kama RNA, wato saƙon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a cikin ƙwayar jiki, ke gane wanda za su kama, da yadda hakan ke shafar maiyalin, wato rigar kitsen nan da ke naɗe jijiyoyi. Ni kuma dole in koma ƙauyenmu can wajen Gumel saboda yankan riɗi, don haka kusan duk karatun a waya na yi shi, sai da yamma in hau tudun bayan firamare inda sabis ke ɗan kawowa, caji kuma sai shagon mai sola.

Maiyalin ɗin kanta ba ta ba ni wuya ba. Jijiyar da ba ta da ita saƙo na tafiya kamar mita 1 a daƙiƙa, mai ita kuwa yana iya kai wa mita 100, don tsalle yake daga gaɓa zuwa gaɓa. A ƙwaƙwalwa da laka ƙwayoyin oligodendirosait ne ke naɗa ta, ɗaya tak sai ta miƙa hannuwa ta naɗe jijiyoyi da yawa.

Inda na maƙale shine furotin ɗin MBP, wanda ke manne naɗin ya matse. Ƙwayar ba ta ƙera shi kusa da cibiyarta, a'a, saƙon RNA ɗin take ɗauka ta kai can ƙarshen hannun sannan a ƙera shi a wurin. Na kwana biyu ina tambayar kaina me ya kawo wannan wahalar. Ranar nan ina taya Baffa aiki, shi magini ne, ana shafen wani shago a bakin kasuwa, na ce Baffa me zai hana mu kwaɓa simintin a gida tunda rijiya na kusa, mu ɗauko a baro. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, ɗan nan, kafin ka iso ai ya kama baron, buhu ake kaiwa, kwaɓi sai a gindin gini. Wallahi a nan abin ya zauna min. MBP danƙo gare shi, duk fatar da ya samu cikin ƙwaya zai manne mata, shi ya sa ake kai takardar umarnin a rufe, sai an isa ake buɗewa.

To wa ke ɗaukar buhun, kuma ta yaya yake gane nasa? A wutsiyar saƙon, bayan an gama bayanin furotin, akwai 'yan haruffa (da haruffa huɗu ake rubuta RNA, A, C, G da U) kamar alamar da ake yi wa buhu da alƙalamin maka a tasha. Furotin hnRNP A2 na neman wasu haruffa 11, in ya kama sai a ɗora kayan a kan injin kinesin ya bi titi cikin hannun ƙwayar. Ɗayan kuma QKI, shi na fi so. A 1964 aka bayyana wasu ɓeraye a Amurka da ke fara karkarwa suna da kwana 10 zuwa 12 saboda ƙarancin maiyalin, sai 1996 aka gano ƙwayar gadon da ta samu matsala, wato wadda ke ɗauke da umarnin ƙera QKI. QKI na da wani lungu da ake kira KH, kalmar da yake nema ita ce ACUAAC ko ACUAAU.

Na ce sai na gani da idona. Na sauko da jerin haruffan saƙon MBP daga NCBI, shafin intanet da ake ajiye jerin haruffan ƙwayoyin gado, na kwafe wutsiyar a littafi da daddare da fitilar waya, na ɗauki jan biro ina nema. Awa guda ban samu ko ɗaya ba, ashe su a can T suke rubutawa a madadin U ko da saƙon RNA ne, ACTAA ya kamata in nema. Duk wanda zai yi irin wannan aikin ya fara da wannan, kuma ya duba jerin ɓera ne ko na mutum kafin ya soma kwafa.

Da na gyara sai wani tunanin ya zo min, kalma mai harafi 6 ai gajeruwa ce. Na buga lissafi, tunda haruffan huɗu ne, 4 sau kanta har sau 6 ya ba ni 4096, tunda harafin ƙarshe iri biyu ne kenan kusan duk haruffa 2048 za ta iya faɗowa haka kawai. Ashe shi ya sa QKI ke aiki biyu-biyu, kuma yana son ya samu rabin kalmar, UAAC ko UAAU, a kusa, cikin haruffa 20. Ban da haka sai wurin ya kasance a buɗe, RNA bai naɗe kansa ya ɓoye shi ba.

Wannan lissafin na sa a shafi na uku, kuma a kansa malamai suka fi tsayar da ni ranar samina. Littafin yana nan a jakata da jan biron a jiki, yanzu wutsiyar saƙon mutum nake bi, na kai rabi.