Tarihin Rayuwata, kashi na 19: Daren da na raka Baba kulob ɗin masu akodiyon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. A kashin da ya wuce na tsaya ne a inda aka canza min gidan aiki aka haɗa ni da wani dattijo a yankin Fife na ƙasar Sikotilan, tsohon manomi ne ƙafa ta ƙi, ni nake masa wanka da ba shi magani da tura kekensa. Baba nake ce masa, da farko yana ta dariya daga baya ya saba har in na kira sunansa sai ya ce yau fushi ake ne.

To 'yarsa ce ta roƙe ni wai in raka shi kulob da daddare, ni kuma da na ji kulob gabana ya faɗi, na ce mata gaskiya ni bana zuwa irin wuraren nan, ta kwashe da dariya ta ce je ka gani dai. Ashe wani ɗakin taro ne a bayan ƙaramin otel, kujeru a jere, kusan kowa furfura, wasu da sanda wasu da na'urar ji a kunne. Ƙungiyar masu kiɗan akodiyon, wato abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana ja ana turawa, da goge ce, goge irin nasu da ake dafewa da haɓa, sau ɗaya suke haɗuwa a wata daga wajen Satumba har zuwa Afrilu ko Mayu, wato lokacin sanyi da duhu ke nan da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a Disamba. Irin waɗannan kulob ɗin suna nan birjik a ƙauyukan ƙasar, har uwar ƙungiya gare su tun 1971 da mujallarsu Box and Fiddle da na gani ana sayarwa a tebirin bakin ƙofa inda ake biyan kuɗin shiga.

Tsarin nasu shi ne 'yan gida su fara. Wata tsohuwa da takarda a hannu tana kiran suna, kowa ya fito ya yi kiɗa biyu ko uku ya koma ya zauna. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, akodiyon ɗin ya kusa rufe mata fuska, ta ɓata a tsakiya ta tsaya cak, wallahi babu wanda ya yi ko tari, mai fiyano ya ɗan sake ɗauko mata kan kiɗan a hankali ta bi shi har ƙarshe, tafin da aka mata ya fi na kowa.

Sai baƙon dare, wato makaɗin da aka gayyato. Ni ina jiran in ga an shigo da shi da 'yan rakiya, ashe mutumin da na gani ɗazu yana kinkimo akwati daga but ɗin mota cikin yayyafi shi ne, shi ya jona wayoyin sifikarsa da kansa, kuma Baba ya raɗa min wai da rana aikin gyaran famfo yake. Ya rataya abin a kafaɗu da maɗauri biyu, ya haura kilo goma fa, hannun dama na kan farare da baƙaƙen maɓallai irin na fiyano guda 41, hannun hagu kuma yana lalube cikin ƙananan maɓallai 120 da ko ganinsu baya yi, da yatsa yake gane guda ɗaya mai ɗan rami a ka daga nan yake lissafa sauran, kuma wannan hannun hagun ne dai yake ja yana turawa kamar zugazugin maƙera, iskar ce ke kaɗa wasu siraran ƙarafa a ciki su ba da sauti. Keken Baba a layin gaba yake, don haka har numfashin abin nake ji duk sanda ya juya shi. Ya fara da na tafiyar soja, ya shiga wani mai tsalle-tsalle da suke ce wa strathspey, daga nan ya zarce wani mai sauri da suke ce wa reel da gudu ba tare da ya tsaya ba, ɗakin gaba ɗaya ƙasa na girgiza da bugun ƙafa amma kowa na zaune ƙyam.

Sautin ba baƙo ba ne a kunnena, duk wanda ya tashi a Fagge lokacin kaset ya san waƙoƙin Sudan da akodiyon ke kuka a cikinsu, babanmu Allah ya ji ƙansa baya rabo da su. Abin da ya ɗaure min kai daban ne. Mutum ya yi kiɗan da ya kai wannan amma babu liƙi, babu kirari, bai ambaci sunan wani mai kuɗi ba, kuɗinsa an riga an yanke daga na ƙofa ma'aji zai miƙa masa a ambulan. Tsakanin kiɗa da kiɗa sai dai ya faɗi wanda ya tsara shi da wanda aka yi wa, wani don makiyayi wani don matar maƙwabci. Ni dai har ga Allah tsarin ya burge ni ta wajen mutunci, amma kuma ɗakin ya min sanyi, kiɗa irin wannan a ce ba mai tashi ya juya ko ya yi guɗa, haba.

Da aka tafi hutun shayi aka fito da sanwic, na tambaya aka nuna min na ƙwai da na cuku na kauce wa na naman alade. Suka zagayo da tikitin raful, wato ƙuri'ar cin kyauta, kyautar farko kwalbar wiski, na ce a'a na gode na dai jefa musu fam ɗaya a kwano. A nan Baba ya buɗe baki, mutumin da a gida sai ka yi da gaske yake haɗa jimla biyu, ya riƙe hannun baƙon yana ba shi labarin Jimmy Shand, wai shi Baban ya sha rawa a gaban Shand yana saurayi. Shand ɗin nan ɗan Fife ne, ya yi aikin haƙar kwal kafin ya shahara da akodiyon mai ƙananan maɓallai zalla ba irin na fiyano ba, an ba shi lambar Sir a 1999 ya rasu a 2000, mutum-mutuminsa na nan a garin Auchtermuchty. Baƙon ya durƙusa daidai keken yana saurare har shayinsa ya huce, da aka dawo ya yi wani kiɗa a hankali ya ce na Baba ne.

Ba mu fito ba sai wajen sha ɗaya saura, tasin da ke ɗaukar keken guragu ta makara, na kwantar da Baba na fito a guje bas ɗin ƙarshe ta riga ta wuce, ga shi ƙarfe bakwai na safe ina da wani gidan. Yadda na kwana a daren nan da rigimar da ta biyo baya da manajarmu a kan awannin da ta ce ba za a biya ni ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.