Abin da na koya daga muhawara a kan kada da dainoso

Hujjar ba ta da wuyar faɗa, shi ya sa ta yi farin jini. A ajiye hoton ƙoƙon kan kada da ya zama dutse, a ajiye hoton kada mai rai a gefensa, sai a ce: ga shi nan, shekara miliyan 200 bai canza ba, to ina juyin halittar, wato sauyawar halittu sannu a hankali, da ake faɗa? Wasu kuma su ƙara da cewa miliyoyin shekarun ma babu su, kada da dainoso da ɗan Adam duk lokaci guda aka yi su, wajen shekara 6,000 da suka wuce. Da ɗalibai suka nemi in tsaya a ɓangaren ilimin halittu a wata muhawara, na san ta wannan ƙofar abokin karawata zai shigo. Don haka kusan duk shirina a kan kada ya ƙare.

Ban ɓata lokaci wajen haddace maganganun masana ba, hotunan ƙasusuwa na tara. Kada da dainoso da tsuntsaye 'yan babban gida ɗaya ne da ake kira Archosauria. Gidan ya rabu biyu kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce, jim kaɗan bayan gagarumar mutuwar da ta share mafi yawan halittun duniya a ƙarshen zamanin Permian. Reshe ɗaya ya kai ga kada, ɗayan ya kai ga dainoso da tsuntsu. Ke nan kada ba dainoso ba ne, ba kuma jikansa ba ne. A idon sawu ake saurin gane su: na reshen kada yana da wasu ƙasusuwa biyu da ke murɗawa a kan juna, ga tudun dunduniya a baya, na reshen tsuntsu kuwa gaba da baya kawai yake lanƙwasawa.

A ranar muhawarar, bayan abokin karawata ya nuna hotunansa biyu an tafa masa, sai na haska wani ƙwarangwal a allo ba tare da na faɗi sunansa ba. Dabba ce mai tafiya da ƙafa biyu, dogon wuya, gajerun hannaye, baki babu haƙori ko ɗaya. Na tambayi zauren mene ne wannan. Wasu suka ce jimina, wasu suka ce dainoso. Effigia ce, daga Ghost Ranch a jihar New Mexico ta Amurka, wadda aka bayyana wa duniya a 2006, kuma idon sawunta na reshen kada ne. Daga nan na yi ta jero su. Terrestrisuchus daga Wales, ɗan siriri mai dogayen ƙafafu, a kan tudu yake gudu. Dakosaurus da danginsa, mazauna teku, ƙafafunsu sun koma na iyo, wutsiyarsu da fiffike irin na kifi, sulken bayansu ya ɓace. Simosuchus daga Madagaska, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, gajeren baki, haƙoransa na cin ganye. Sai Sarcosuchus na Gadoufaoua a hamadar Tenere ta Nijar, wanda France de Broin da Philippe Taquet suka raɗa wa suna a 1966, mai shekara wajen miliyan 110, tsawonsa ya haura mita 9. Shi ne ya fi kama da abin da mutane ke kira kada a cikinsu, amma duk da haka ba ya cikin rukunin kadojin da ke raye yau. Wannan rukunin sai a ƙarshen zamanin Cretaceous, zamanin ƙarshe na dainoso, ya bayyana, jinsin Crocodylus kuwa, wanda kadan Nilu yake ciki, ko shekara miliyan 30 bai yi ba.

Gani ya kori ji. Zauren ya yi tsit fiye da yadda duk wani bayani nawa zai sa shi.

Abokin karawata dattijo ne mai natsuwa, kuma bai ruɗe ba. Ya ce, "Malam, waɗannan da ka nuna ai halittu ne daban, kowanne an yi shi a jinsinsa. Kada yana haifar kada." Wannan amsar ita ce ginshiƙin masu ra'ayin, kuma a nan na ga ya kamata in tsaya in daɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ja mana layin da kanka. Simosuchus yana cikin jinsin kada ko ba ya ciki?" In yana ciki, to an yarda cewa jinsi ɗaya zai iya fitar da mai cin ganye a tudu da mai farauta a teku, kuma wannan canjin ya fi wanda ake musantawa girma. In ba ya ciki, sai a bayyana dalilin da ya sa ginin ƙoƙon kansa da sulken bayansa suke bin tsarin kada. Akwai kuma tambaya ta biyu da ta fi wannan nauyi a wurina: in duk lokaci guda suka rayu, me ya sa ba a taɓa tono kada irin na yau a cikin duwatsun zamanin Triassic, wanda ya biyo bayan Permian, ba, alhali danginsa na dā suna nan birjik a ciki? In an ce ambaliya ɗaya ce ta binne su duka, ruwa da laka ba sa tantance gawa bisa siffar idon sawu.

Wani abin da ya amfane ni shi ne na ba shi gaskiyarsa tun kafin ya nema. Lallai kadojin yau suna canzawa a hankali. Binciken ƙwayoyin gadonsu da aka wallafa a 2014 ya nuna saurin canjinsu ya yi ƙasa ƙwarai idan aka gwada da na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Sai dai juyin halitta bai taɓa cewa dole kowace dabba ta canza da sauri ɗaya ba. Wanda sana'arsa kwanton ɓauna a bakin ruwa, dogon baki da idanu a saman kai da wutsiya mai ƙarfi sun ishe shi, kuma muddin bakin ruwan yana nan, babu abin da zai tura shi ya sake fasali. Siffar ma ta sha maimaituwa. A zamanin Triassic akwai wasu dabbobi da ake kira phytosaur, in ka gan su za ka rantse kadoji ne. Dubi hancinsu: yana can kusa da idanu, na kada kuwa a ƙarshen baki yake. Tun daga lokacin, duk wanda ya nuna mini hoton tsohon kada, hancin nake fara nema.

Zancen tsuntsu na ratsa shi da sauri, don ba shi ne a gabanmu ba. Archaeopteryx da aka samu a Jamus a 1861 yana da gashin tsuntsu da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi, kuma daga 1996 lardin Liaoning na Sin ya yi ta fitar da dainoso masu gashi. Abin da ya fi ba ɗaliban mamaki shi ne kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Zuciyar kada ɗaki huɗu ce, yana haɗa sheƙa, 'ya'yansa suna kuka tun suna cikin ƙwai uwar ta zo ta tone su, kuma a 2010 Colleen Farmer da Kent Sanders sun nuna cewa iska tana zagaya huhun aligeto, ɗan'uwan kada, ta hanya ɗaya, yadda take yi a huhun tsuntsu.

Da aka zo kan shekaru, an kawo ƙorafin da aka saba, wai gwajin kabon ba abin dogaro ba ne. Amsar gajera ce: ba a auna dainoso da kabon-14, domin bayan shekara 50,000 abin da ya rage bai isa a auna ba. Tokar dutse mai aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin ake aunawa, da yuraniyom ko agon. An kuma ambaci ragowar nama mai laushi da masaniya Mary Schweitzer ta ba da rahotonsa a ƙashin dainoson Tyrannosaurus a 2005. Gaskiya ne ta same shi, sai dai ita kanta Kirista ce mai riƙo da addininta, kuma ta fito fili ta ƙi yarda a yi amfani da aikinta a ce duniya sabuwa ce.

Wannan ya kai ni ga abin da na ƙi shiga gaba ɗaya. Sau da yawa an so a ja ni zuwa tambayar ko akwai Mahalicci, ni kuma na ce ba ita aka gayyace ni in amsa ba, kuma ƙashi ba ya amsa ta. Lissafin shekara 6,000 ya yi suna ne ta hannun Akbishop James Ussher na Ailan, wanda a 1650 ya ƙidaya zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya tsayar da farkon halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗimbin masu imani, Musulmi da Kirista, ba su ɗauki wannan lissafin a matsayin aƙida ba. Na lura da yawa daga cikin ɗaliban ba Effigia suke tsoro ba, tsoronsu kada yarda da ita ta zama fita daga addini. Da aka raba musu tambayoyin biyu, sai suka saki jiki suna tambaya.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, to me ya sa kada ya tsira dainoso ya mutu?" Dutsen da ya faɗo daga sama a Chicxulub ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ya tayar da ƙurar da ta tare rana, tsirrai suka mutu, masu cin su suka bi, masu cin waɗannan ma suka bi. Rayuwar koguna da fadamu kuwa ta fi dogara da ruɓaɓɓen ganye da gawarwaki, ga shi kada yana iya yin watanni bai ci komai ba. Kuma ba duk dainoso ne suka mutu ba, tsuntsaye sun tsallake. A reshen kada ma ba masu kwanton ɓauna kaɗai suka rage ba: a Kudancin Amurka wasu danginsa masu farauta a tudu, masu haƙora kamar wuƙa, sun ci gaba da rayuwa shekaru miliyoyi masu yawa bayan dainoso kafin su ma su ƙare.